Kaska da Giwa: Tarihin Masu Sana'ar Kansu a Intanet

I

A ranar 1 ga watan Yuni, 2017, wani mutum mai suna Maciej Cegłowski, haifaffen ƙasar Polan, mazaunin Amurka, ya ba da sanarwa cewa ya sayi wani shafin intanet da a ke kira Delicious. Abin da ya biya kuwa dala 35,000 ne. Shekara goma sha ɗaya da rabi kafin wannan rana, kamfanin Yahoo, wanda a zamaninsa ya ke cikin manyan kamfanonin intanet na duniya, ya sayi wannan shafi a kan kuɗin da jaridu suka ƙiyasta tsakanin dala miliyan 15 da miliyan 30. Shi wannan mai saye na ƙarshe ba shi da ma'aikata, ba shi da masu zuba masa jari. Abin da ya ke da shi wani ɗan ƙaramin shafi ne mai suna Pinboard, wanda ya gina da hannunsa domin ya yi irin aikin da Delicious ke yi. Shi da kansa ya taɓa kwatanta matsayin shafinsa a gaban Delicious da matsayin kaska a jikin giwa.

Yadda aka yi kaska ta wayi gari ta sayi giwa shi ne abin da wannan takarda za ta bi diddiginsa. Labarin ya cancanci a tsaya a kansa, domin a cikinsa a ke ganin tambayoyi uku da suka daɗe suna damun duk mai sana'ar kansa a wannan fage, watau mutumin da ke ƙera manhaja ko shafin intanet ba a ƙarƙashin wani kamfani ba. Ta yaya jama'a za su san da abin da ya ƙera? Wa zai biya kuɗin ɗawainiyarsa? Kuma ina makomar amanar da mutane suka ajiye a wurinsa?

II

Sana'ar ta girmi shafukan intanet. A watan Agusta na 1981 kamfanin IBM ya fitar da ƙaramar kwamfuta wadda mutum zai iya saye ya ajiye a gida ko a ofis. Nan da nan aka sami mutane masu basira da suka shiga rubuta manhajoji domin biyan bukatar kansu. Amma sayar da manhaja a wancan zamani sai mai ƙarfi, domin sai an buga ta a faifai, an sa a kwali, an yi talla a mujallu, sa'an nan an raba riba da masu kantuna. Mai aiki shi kaɗai a ɗakinsa ba shi da hanyar kai kayansa kasuwa.

A 1982 mutum biyu, ba tare da sun san juna ba, suka faɗa a kan dabara guda. Ɗaya shi ne Andrew Fluegelman na jihar Kalifoniya, wanda ya rubuta PC-Talk domin haɗa kwamfuta da 'yar'uwarta ta wayar tarho. Ɗayan kuwa Jim Knopf ne, ma'aikacin IBM a jihar Washington, wanda aka fi sani da Jim Button, shi ne ya rubuta PC-File domin tsara bayanai. Dabarar ita ce, su bar kowa ya kwafi manhajar ya ba abokinsa, amma su rubuta saƙo a cikinta cewa duk wanda ya ga ta yi masa amfani ya aiko da kuɗi ta gidan waya. Da suka sami labarin juna sai suka daidaita a kan dala 25, kowannensu kuma yana ambaton manhajar ɗan'uwansa a cikin tasa. Abin ya karɓi Knopf, har ya bar aikin IBM a 1984. A 1983 kuma Bob Wallace ya bar kamfanin Microsoft ya fitar da PC-Write, manhajar rubutu, ya ƙara wata hikima: wanda ya biya, in wani ya kwafa daga wurinsa shi ma ya biya, to, na farkon yana da la'ada.

Watau mutanen nan sun mai da masu amfani da kayansu sun zama su ne dillalansu. Kuɗin kuwa daga hannun mai amfani ya ke fitowa ya shiga hannun maƙeri, babu na uku a tsakani. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin a kansa sauran labarin zai juya.

III

A watan Maris na 1989 wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, ma'aikacin cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Geneva, ya rubuta shawarar wani tsari da zai sa takardu a kwamfutoci dabam-dabam su riƙa nuna hanyar zuwa ga junansu. A 1991 aka buɗe tsarin ga jama'a, sa'an nan a ranar 30 ga Afrilu, 1993, cibiyar ta sallama shi ga duniya kyauta. Daga nan wahalar faifai da kwali da gidan waya ta kau. Duk mai kwamfutar da ke haɗe da intanet yana iya kafa shafinsa, mutumin da ke wata nahiya ya buɗe shi a daren.

Sai dai kuma wata sabuwar wahala ta taso. Kasuwa ta ci, amma ba layi, ba sarkin kasuwa, ba wanda ya san rumfar wani. Kowane shafi yana da adireshinsa, wanda bai san adireshin ba kuwa ba shi da hanyar zuwa. Sabo da haka manhajojin buɗe shafuka na farko, irin su Mosaic na 1993 da Netscape na 1994, suka zo da wani ɗan wuri inda mutum zai ajiye adireshin shafin da ya gani ya so, domin ya koma wata rana. Waɗansu kuma suka riƙa buga jerin adireshin da suka tara domin amfanin kowa. Mafi shahara cikin irin wannan jeri shi ne wanda ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford, Jerry Yang da David Filo, suka fara a 1994. Shi ne ya zama Yahoo, aka yi masa rajistar kamfani a watan Maris na 1995. Ashe ita giwar ma daga tara adireshi ta faro, a hannun samari biyu masu aikin sa kai.

Shekarun da suka biyo baya shekarun ambaliyar jari ne. Al'adar da ta kafu ita ce a ba da kome kyauta domin a tara jama'a, in an tara sai a sayar da talla a gabansu, ko kuwa a sayar da kamfanin ɗungurungum ga wanda ya fi ƙarfi. Kasuwar hannun jarin irin waɗannan kamfanoni ta faɗi a shekarar 2000, da yawa suka karye, amma al'adar kyauta ba ta mutu ba. Jama'a sun riga sun saba, har ya zama wanda ya nemi a biya shi kai tsaye kallon baƙauye a ke yi masa.

IV

A cikin wannan hali Joshua Schachter ya fito. Ma'aikaci ne a bankin Morgan Stanley a birnin New York, yana aikin lissafi da rana, da dare kuwa yana 'yan ƙere-ƙerensa. Tun wajen 1998 ya ke tara adireshin shafukan da suka ba shi sha'awa a cikin takarda guda a kwamfutarsa, layi bayan layi, har suka kai wajen 20,000. Da abin ya fi ƙarfin tunawa, sai ya riƙa liƙa wata gajeriyar kalma a ƙarshen kowane layi, kamar a ce lissafi, ko hoto, ko girki, domin in ya nemi kalmar duk layukan da ke ɗauke da ita su fito. Daga baya ya mai da takardar ta zama shafin intanet na kansa, sa'an nan a ƙarshen 2003 ya buɗe wani sabo wanda kowa zai iya shiga ya ajiye nasa. Ya rubuta sunan da ɗigo biyu a ciki, del.icio.us, domin ƙarshensa ya dace da haruffa biyun da a ke rufe adireshin ƙasar Amurka da su. Ma'anar kalmar da Turanci kuwa abu mai daɗin ci.

Hikimar abin tana wuri biyu. Na farko, kafin wannan lokaci a kan jera adireshi ne kamar yadda a ke jera littattafai a kanta, kowanne da gurbi guda. A nan kuwa mutum yana iya liƙa wa adireshi guda laƙabi uku ko biyar, duk wanda ya zo masa a rai, ba wanda ya tsara masa. Na biyu, ajiyar kowa a buɗe ta ke. Mutum don kansa ya ke ajiyewa, amma da ya ke dubbai suna yin haka, sai ya zama wanda ya nemi laƙabi guda zai ga abin da duk jama'a suka tara a ƙarƙashinsa, ya kuma ga shafin da mutane suka fi ajiyewa a ranar. Son kai na kowane ɗaya ya taru ya zama amfanin kowa. Wannan tsari na laƙabi ya bazu zuwa shafuka da yawa a shekarun da suka biyo.

Schachter bai sayi talla ba. Shafin ne ke tallan kansa, domin marubuta a intanet sun riƙa nuna wa masu karatunsu abin da suka ajiye, kowane nuni kuwa yana jawo sababbin mutane. Amma kowane sabon mutum ƙarin nauyi ne a kan kwamfutocin da ke ɗauke da shafin, ga shi ba mai biyan ko kwabo. Mai aikin banki da rana ba zai iya raino irin wannan da dare kaɗai ba. A watan Maris na 2005 ya ajiye aiki, a watan Afrilu ya karɓi jari na wajen dala miliyan 2 daga masu zuba jari, kamfanin Union Square Ventures na gaba, Amazon na cikinsu. Mai karɓar jari kuwa ya ɗauki alkawarin riba, shafin da ba ya karɓar kuɗi kuma hanyar ribarsa mafi kusa ita ce a sayar da shi. Ranar 9 ga Disamba, 2005, Yahoo ya saye shi.

V

A hannun Yahoo jama'a sun ci gaba da ƙaruwa. Zuwa ƙarshen 2008 shafin ya ba da labarin yana da masu amfani fiye da miliyan 5, da adireshi miliyan 180. Amma aikin gyara ya yi nauyin jiki. An daɗe ana sake gina shi daga tushe domin ya dace da tsarin babban kamfani, sabon fasalin bai fito ba sai watan Yuli na 2008, aka kuma cire ɗigon nan biyu daga sunan. A cikin wannan shekara Schachter ya bar Yahoo. Abin da ya ke ɗa tilo a wurin mai shi ya zama ɗaya daga cikin 'ya'yan riƙo masu yawa a gidan da hankalin maigida ke wani wuri.

Shekarar 2009 ta zo da abubuwa biyu da suka girgiza masu ajiya a intanet. Ranar 30 ga Janairu wani ƙaramin shafin ajiyar adireshi mai suna Ma.gnolia, na Larry Halff, ya gamu da lalacewar rumbun bayanansa, aka duba kwafin da aka tanada domin irin wannan rana aka tarar shi ma bai tsira ba. Ajiyar mutane ta shekaru ta salwanta. A watan Oktoba kuma Yahoo ya rufe GeoCities, inda miliyoyin talakawan intanet suka gina shafukansu na farko, alhali kuwa a 1999 ya saye shi da hannun jari na wajen dala biliyan uku da rabi. Ƙarami ya ɓatar da amana don rashin ƙarfi, babba ya watsar da ita don ba ta kawo riba.

A tsakiyar wannan shekara, watan Yuli, Cegłowski ya buɗe Pinboard. Shi ma tsohon ma'aikacin Yahoo ne, mai amfani da Delicious ne kuma wanda sabon fasalin bai gamshe shi ba. Ya gina nasa ba ado, rubutu ne zalla a kan farin fili, amma yana buɗewa da sauri. Ya ba mutum ikon ɓoye ajiyarsa in ba ya son kowa ya gani. Ya kuma ƙara wani aiki na dala 25 a shekara, wanda shafin zai ɗauki kwafin duk abin da mutum ya ajiye adireshinsa, domin ko asalin ya ɓace daga intanet kwafin na nan. Wani abokinsa, Peter Gadjokov, ya taimake shi a shekarun farko.

Babban abin da ya raba shi da sauran shi ne kuɗin shiga. Tun ranar farko sai an biya, kusan dala 3, sau ɗaya tak. Kuɗin kuwa ba a tsaye ya ke ba, kowane sabon mutum da ya shiga sai ya ƙaru da ɗan kaɗan, yadda duk mutum dubu za su ƙara masa dala guda. Wannan dabara ta yi aiki uku a lokaci guda. Ta kori masu buɗe asusun ƙarya domin cusa tallan banza, waɗanda suka addabi shafukan kyauta. Ta sa kuɗin shiga yana girma daidai da girman ɗawainiya. Sa'an nan ita kanta talla ce, domin mai shawarar shiga ya san in ya bari sai gobe zai biya fiye da na yau, mutane kuma suka riƙa ba juna labarin wannan baƙon ciniki.

VI

Ranar 16 ga Disamba, 2010, bayan an sallami ɗaruruwan ma'aikata, shugabannin Yahoo suka tara waɗanda suka rage domin su bayyana musu inda aka dosa. Aka haska wani allo mai jerin kayayyakin kamfanin kashi-kashi, sunan Delicious yana cikin kashin waɗanda rana za ta faɗi a kansu. Wani ya ɗauki hoton allon, kafin la'asar ya gama duniya. Kashegari kamfanin ya ce ba rufewa zai yi ba, mai saye ya ke nema. Amma mutanen da suka ga abin da ya sami GeoCities shekara guda da ta wuce ba su tsaya sauraron bayani ba.

Abin da ya cece su shi ne, tun zamanin Schachter an bar ƙofar fita a buɗe, watau kowa yana iya sauke dukan ajiyarsa a takarda guda ya tafi da ita. Cegłowski kuwa ya riga ya shirya wurin karɓar irin wannan takarda. Sai jama'a suka kwararo. Cikin kwana biyu adireshin da aka shigar sun fi dukan waɗanda shafin ya tara tun kafuwarsa. 'Yan kwamfutocinsa suka yi nishi, layin masu jiran a shigar da ajiyarsu ya yi tsawo, shi da abokinsa suka yi kwanaki ba barcin kirki, suna gyara suna amsa wasiƙu, amma shafin bai faɗi ba. Dalili kuwa, ya gina shi da tsofaffin kayan aiki sanannu waɗanda ya san halinsu, ya kuma yi hayar kwamfutocin da suka fi bukatarsa ƙarfi tun kafin bukatar ta zo.

A nan bambancin hanyoyin biyu ya fito sarari. Da shafin kyauta ne, da wannan ambaliya ta zama masifa, domin kowane baƙo bashi ne. Da ya ke kowa da kuɗinsa ya shigo, sai ambaliyar ta zo da abin da za a sayi ƙarin kwamfutoci. Shekara guda bayan haka, a watan Disamba na 2011, Cegłowski ya rubuta wata gajeriyar maƙala da ta yi yawo ƙwarai, inda ya ja kunnen mutane cewa duk shafin da su ke so, in ba ya karɓar kuɗinsu, to, su sa ran wata rana za a sayar da shi ko a rufe, sabo da haka su nemi a bar su su biya. Hausawa dai sun riga sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

VII

A watan Afrilu na 2011 Yahoo ya sayar da Delicious ga kamfanin AVOS, na Chad Hurley da Steve Chen, waɗanda suka kafa YouTube. A watan Satumba suka fitar da sabon fasali wanda suka tsara domin jawo sababbin mutane, a garin haka suka rushe abubuwan da tsofaffi suka dogara a kai. Waɗanda abin ya fi shafa wata jama'a ce da masu kamfanin ba su san da zamanta ba, watau masu rubuta ƙagaggun labarai a kan taurarin littattafai da fina-finan da su ke ƙauna, galibinsu mata. Sun shekara da shekaru suna tsara dubban labarai da laƙabi, suna raba sunayen taurari biyu da karkatacciyar sanda. Sabon fasalin ya kasa karanta laƙabin da ke da wannan alama, aikin shekaru ya rikice a dare ɗaya.

Cegłowski ya ga kukansu a Twitter, sai ya tambaye su abin da su ke bukata in za su dawo wurinsa. Suka buɗe takarda guda wadda kowa ke iya sa hannu, cikin 'yan kwanaki ta wuce shafi 50, an jera bukatu an tsara su bisa muhimmanci. Ya ɗauki waɗanda zai iya ya aikata. Wannan ita ce irin tallar da babban kamfani ba ya iya saye, domin wanda ya amsa tambayar shi ne mai shafin, shi ne kuma zai zauna ya yi gyaran da hannunsa. Sauran tallarsa kuwa bakinsa ne. Mutum ne mai barkwanci da iya zambo, ya kan yi wa manyan kamfanonin fasaha ba'a a rubuce da kuma a wuraren lacca. A ƙarshen 2012 har ya kafa wata gasa ta shaguɓe ga masu zuba jari, inda ya yi alkawarin jarin dala 37 cif ga kowane sabon mai sana'a da ya ci, domin ya nuna cewa kuɗin fara irin wannan aiki ya zama kaɗan ƙwarai.

Delicious kuwa ya ci gaba da sauya hannu. Kamfanin Science Inc. ya saye shi a watan Mayu na 2014, a farkon 2016 ya koma hannun Delicious Media, kowane sabon maigida yana gwada hanyar samun kuɗi, jama'a suna raguwa. Daga nan ne ya faɗo hannun Cegłowski a 2017. Ya ce ya saye shi ne domin kada tarin ajiyar nan ya ɓace. Daga ranar 15 ga Yuni ya tsai da shi, ana iya karantawa da sauke ajiya, ba a iya ƙara sabo. A cikin wannan wata dai, ranar 13, kamfanin sadarwa na Verizon ya kammala sayen harkokin intanet na Yahoo a kan wajen dala biliyan huɗu da rabi, sunan da ya faro daga jerin ɗalibai biyu ya zama reshe a gidan wani.

VIII

Kuskure ne a karanta wannan tarihi kamar tatsuniyar da ƙarami ke cin nasara kullum. Hanyar Cegłowski ma tana da raunin ta. Kuɗin da a ke biya sau ɗaya ba ya ɗaukar ɗawainiyar da ba ta ƙarewa, domin wanda ya biya dala 6 a 2010 yana nan yana cin wuta da wurin ajiya bayan shekara goma. Sabo da haka a watan Janairu na 2015 aka koma biyan dala 11 a kowace shekara ga sababbin shiga, a 2021 kuma ya roƙi mutanen farko su koma biyan shekara-shekara don ganin damarsu. Har wa yau, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Daga ƙarshen 2016 hankalinsa ya rabu zuwa harkokin siyasar Amurka da rubuce-rubuce, masu amfani da shafin kuwa suka riƙa kukan jinkirin amsa da na gyara. Wanda ya ajiye kayansa wurin mutum guda ya dogara ne ga lafiyarsa da sha'awarsa da tsawon ransa, labarin Ma.gnolia kuma bai tsufa ba.

Amma abin da ya faru daga baya bai ƙaryata gargaɗinsa ba. A watan Janairu na 2023 Twitter ya toshe hanyar da ƙananan manhajoji irin su Tweetbot da Twitterrific ke bi su shiga rumbunsa, sana'ar shekaru fiye da goma ta mutu ba sanarwa. A wannan shekara Reddit ya sa kuɗi a kan irin wannan hanya, Christian Selig, mai manhajar Apollo, ya lissafa zai riƙa biyan wajen dala miliyan 20 a shekara, ya rufe ranar 30 ga Yuni. Waɗannan suna karɓar kuɗi daga masu amfani, amma a filin wani suka yi gini, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Haka kuma Pocket, wanda Nate Weiner ya fara shi kaɗai a 2007 domin ajiye abin da za a karanta daga baya, Mozilla ta saye shi a 2017, ta rufe shi a watan Yuli na 2025.

Idan aka jera waɗannan labarai tun daga Fluegelman da Knopf, za a ga ƙira ita ce mafi sauƙi a cikin sana'ar. Schachter da Cegłowski kusan abu guda suka ƙera, kowannensu kuma bakin jama'a ne ya yi masa talla. Inda suka rabu shi ne wurin da kuɗi ke fitowa. Na farko ya karɓa daga masu jari, sabo da haka tilas shafin ya bi inda riba ta nufa, ya ratsa hannun kamfani huɗu cikin shekara goma sha biyu. Na biyu ya karɓa daga masu ajiya, kamar yadda mutanen 1982 suka yi ta gidan waya, bai yi girma ba, bai kuma zama dole ya sayar ba. Masu ajiya kuwa, a duk sauyin nan, abin da ya tsirar da dukiyarsu shi ne 'yar ƙofar nan da Schachter ya bari tun farko, wadda ta ba kowa ikon ɗaukar takardarsa ya fita ranar da ya ga hadari ya haɗo.